Daren da na toshe bakin inji

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin nan na ƙasar Sudan da ke bakin kogin Shuɗin Nil, kudu kaɗan da Sinnar. Kakanninmu na cikin jama'ar da ta baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Mai Wurno har Allah ya sauke su nan a 1906. A gidanmu Hausa ake yi, a makaranta da kasuwa Larabci. Na ga dacewar in rubuta wannan da harshen gida, saboda ƙannena da ke karatun injiniya suna ta tambayata yadda aikin zinariya yake, kuma abin da zan faɗa akwai na kunya a ciki, wanda bakina ba ya iya faɗinsa gaba da gaba.

Injin farko da na sani a duniya shi ne Lister ɗin Baba, wanda ke ja mana ruwa daga kogi zuwa gonar albasa da ayaba. Fiston ɗaya gare shi, da ƙatuwar ƙafar ƙarfe da ake murzawa da hannu kafin ya tashi. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe wa Baba sifana. Idan muna kwance da dare injin ya canza murya, Baba kan tashi zaune ya ce, "Mai ya kusa ƙarewa," ko "Bel ya saki," in aka je kuwa haka ne. A lokacin na ɗauka duk uba haka yake ji.

A 2011 na samu gurbin karatun injiniyan kanikanci a Atbara, garin da ake wa kirari da birnin ƙarfe da wuta saboda hedikwatar jirgin ƙasa da manyan ma'aikatunta. Shekarar nan ce Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. Mu da muka shiga da burin aiki a rijiyoyin mai ko matatar Jaili, kafin mu gama shekara biyar ɗinmu labari ya sha bamban. Kowa zinariya yake magana. A 2012 aka buɗe matatar zinariya a Kartum, kuma duk motar da ta nufi arewa daga Atbara cike take da samari masu na'urar neman ƙarfe da jarkokin ruwa. Dahhaba ake ce musu. Muna ganinsu ta tagar kwaleji muna jin mun fi su, mu masu lissafi.

Na gama a 2016, na yi hidimar ƙasa, sannan na shiga yawon ɗaukar takardu ofis-ofis a Kartum. Da dare ina taya wani ɗan kawuna sayar da agashe, wato tsiren nan namu da Sudan duka ta karɓa har da sunansa. Wata tara ina juya nama a bakin wuta da digiri a cikin akwati. Inna in ta kira sai ta ce, "Ka yi haƙuri, abincin wani ba ya kashe wani." A ƙarshen 2017 wani abokin karatuna ya yi mini waya, ya ce kamfanin da yake yi wa aiki a hamadar gabas da Barbar yana neman ƙaramin injiniyan gyara. Ban tambayi albashi ba.

Kafin a kai sansaninmu sai an ratsa kasuwar Abidiya, kuma wanda bai gan ta ba da wuya ya gane aikin da muke yi. Ba kasuwar tumatir ba ce. Fili ne iya ganinka, cike da injinan niƙa, kowanne da janaretonsa yana hayaƙi. Masu haƙa suna kawo dutse cikin buhuna daga ramukan da ke can cikin hamada, a niƙa shi da ruwa, a zuba zaiba. Zaiba tana kama zinariya. Sai a wanke a manyan kwatarniyoyi, a matse a ƙyalle, a samu ɗan dunƙule fari kamar ƙwallon dabino, a ɗora shi kan cokali ko gwangwani a ƙona. Zaiba ta tashi hayaƙi, zinariya ta zauna. Hayaƙin nan kuwa mai ƙonawa shi ke fara shaƙarsa, sai mai shayin da ke gefe.

Zaiba ba ta kama duka. Kaso mafi yawa na zinariyar yana tafiya cikin taɓon da aka zubar, don ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta ko suna kulle a cikin dutsen da bai niƙu ba. Wannan taɓon shi ake kira karta, kuma shi ne abincin kamfanoni irin namu. Manyan motoci su kwaso shi, mu sake niƙa shi har ya fi garin alkama laushi, mu kwaɓa da ruwa da farar ƙasa, mu tura cikin jerin tankuna masu maburgi, a sa sinadarin sayanaid ya narkar da zinariyar, gawayin ɓawon kwakwa ya tsotse ta daga ruwan. Daga gawayin ake ciro ta, a narka a zuba. Farar ƙasar nan ba ado ba ce: in ta yi kaɗan ruwan ya yi tsami, sayanaid ya koma iska mai kisa. Ɗakin da ake narka zinariya kuwa, shekara biyu na yi a wurin ban taɓa shiga ba sai don gyaran fanka, da ɗan sanda a bayana. Ni nawa shi ne duk abin da ke juyawa: famfuna, bel mai ɗaukar ƙasa, giyar maburgai, janaretoci, da uban gayya, injin niƙa.

Injin niƙan nan ganga ce ta ƙarfe a kwance, faɗinta mita 2.4, an zuba mata ƙwallayen ƙarfe kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinta. Tana juyawa sau 21 a minti ɗaya. Adadin ba kara-zube aka zaɓe shi ba, wannan kam mun yi shi a aji: in ta yi gudu ta kai wajen sau 27, ƙwallayen za su manne da bango su daina faɗowa, ba niƙa, in ta yi sanyi, sai su riƙa gangarawa a ƙasa suna cin juna. A tsakani ne suke hawa su rikito kan dutsen. Gangar duka, da ƙwallayenta da taɓonta, tana zaune ne a kan wuyanta biyu, kowane wuya yana kwance cikin wani mazauni kamar rabin ƙwarya, wanda aka shafe cikinsa da farin ƙarfe mai laushi, haɗin kuza da wasu ƙarafa. Tsakanin wuyan da mazaunin babu komai sai shimfiɗar mai da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Nauyin da ya fi na tirela yana yawo a kan wannan ɗan man. Ku riƙe wannan, don nan labarina yake.

Ranar da na iso aka miƙa ni ga shugaban kanikawa, wani dattijo baƙi, dogo, da gemu fari, wanda kowa ke kira Usta. Ya yi shekara talatin da wani abu a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Atbara kafin ya yi ritaya. Ya dube ni daga hular kwano sabuwa fil har takalmi, ya ce da Larabci, "Maraba da Bashmuhandis." A Sudan wannan kalma girmamawa ce ga injiniya, amma yadda ya ja ta sai da yaran wurin suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya kai ni gaban famfunan taɓo guda uku, duk suna aiki, ya ce in gaya masa wanne ne mara lafiya. Na duba ma'aunin matsi, na duba na lantarki, na ce duk lafiya lau. Sai ya zaro doguwar sukudireba daga aljihu, ya kafa bakinta a gidan boris na famfon tsakiya, ya ɗora ƙotar a ƙashin bayan kunnena. Na ji wani ƙuruƙuru kamar ana tauna tsakuwa. Ya matsar da ita kan na kusa, na ji shuuu, sumul. Bai ce komai ba, ya mai da sukudirebarsa aljihu. Bayan kwana huɗu boris ɗin na tsakiya ya watse.

Wata biyu muna Larabci da shi. Rannan ƙasa ta taru a ƙarƙashin bel, na ga wani dutse ya maƙale kusa da gangar da ke jan shi, na miƙa hannu zan cire ba tare da an kashe ba. Sai na ji an daka mini tsawa daga baya, da Hausa tsantsa: "Kai yaro! Cire hannunka, don ubanka!" Na daskare. Usta ne. Ashe mahaifinsa Bakano ne da ya taho aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Atbara, ya shiga leburancin jirgin ƙasa, bai ƙarasa Makka ba sai da ya tsufa. Tun ranar farko ya gane ni daga yadda nake furta wasu haruffa, ya yi shiru yana kallon irin tarbiyyata. Daga ranar na daina ce masa Usta in muna mu biyu, sai Baba. Shi kuma ya ajiye Bashmuhandis sai gaban manya.

Abin da ba a koya mini a aji ba, ko aka koya ban ji ba, shi ne ƙura. A takarda inji yana aiki ne a wuri mai tsabta. A hamadar nan kuwa ƙurar dutsen zinariya kaifi gare ta kamar garin gilashi, kuma babu inda ba ta shiga. Ta shiga giris ya koma abin wasa wuƙa. Ta toshe lagireton janareto, shi kuma dama in zafi ya haura digiri 45 ƙarfinsa raguwa yake. Matatar iskar da littafin kamfanin da ya ƙera ya ce a duba bayan ɗaruruwan awoyi, mu kullum sai mun busa ta. In habub ya taso, wato guguwar nan da ke zuwa kamar katanga ja ta rufe rana, washegari aikin kowa shara ne. Usta yana da wata ɗabi'a da na riƙa ganin ƙauyanci ce: kowace safiya sai ya ɗebi ɗigon mai daga tankin injin niƙa, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya shinshina, ya duba a rana. Sannan ya ɗora bayan hannunsa a kan kowane mazauni. Na ce masa, "Baba, ai akwai ma'aunin zafi." Ya ce, "Akwai. Shi ma ƙura yake sha."

Sai azumin 2018 ya zo, a tsakiyar watan Mayu, lokacin da zafin arewa ke kan ganiyarsa. Kafin nan ƙasar ta shiga matsalar man gas, motoci na kwana a layi, mu ma sai da muka tsaya kwanaki don tankunanmu sun bushe. Saboda haka ana bin mu bashin aiki, masu kamfani suna waya daga Kartum safe da yamma, manajan sansani ya daina dariya. Usta ya ɗauki hutu ya tafi gida don goman ƙarshe. Kafin ya hau mota ya ja ni gefe ya ce, "Mazaunin ɓangaren fita yana ɗumi fiye da yadda na sani. Ka wanke matatar mai, ka duba na'urar sanyaya shi. In ya yi kuka, ka tsayar." Na ce to. Na wanke matatar. Na'urar sanyayawa kuwa sai an tsayar da inji awa uku kafin a buɗe ta, na ce sai ranar da aka tsaya.

Daren ashirin da uku ne, ina aikin dare. Da rana an yi habub. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙararrawa ta ɗauka, injin ya mutu da kansa, don an saita shi ya tsaya in zafin mazauni ya kai digiri 65. Na jira ya huce, na tayar. Bayan minti arba'in ya sake mutuwa. Manaja ya fito da jallabiyar barci, ya ce mene ne. Na gaya masa. Ya ce watan jiya ma wannan ma'aunin ya yi ƙarya, aka canza waya ya daidaita, wanda gaskiya ne. Ya ce saura kwana biyu a zuba zinariya, kuma kuɗin sallar ma'aikata a ciki yake. Sannan ya ce, "Kai ne injiniya. In ka ce a tsaya, a tsaya, amma kai za ka yi wa Kartum bayani da safe." Bai ce in yi komai ba. Wannan nake so a ji da kyau, don na daɗe ina ba da labarin kamar shi ya sa ni.

Na je na ɗora bayan hannuna a kan mazaunin. Ban iya barinsa daƙiƙa uku ba. Hannuna ya gaya mini gaskiya, kamar yadda ma'aunin ya gaya mini, kamar yadda Usta ya gaya mini. Na koma na buɗe akwatin lantarki, na ɗauki guntuwar waya da ba ta kai ɗan yatsa ba, na haɗe bakin nan biyu da ke kai saƙon zafi, yadda injin ba zai ƙara jin komai ba. Na sa yaro ya riƙa kwara ruwa a kan murfin mazaunin da tiyo. Na tayar. Ya tashi lafiya, manaja ya dafa kafaɗata ya koma barci, ni kuwa har wani daɗi na ji, ina ganin na yi abin da manya ke yi.

Ana gab da sahur na ji wari, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Kafin in kai wurin sautin injin ya canza, giyarsa ta fara gurnani, hayaƙi fari yana fita ta gefen murfin. Na danna jan maɓalli. Da muka buɗe da safe, farin ƙarfen ya narke ya malale gefe kamar kitsen da ya daskare, wuyan gangar ya yi zane-zane shuɗi. Na'urar sanyaya man da na ce sai an tsaya, da aka kwance ta, bututunta sun toshe da gishirin ruwan rijiya har fensir ba ya shiga. Aikin awa uku ne.

Guntuwar wayar tana aljihuna, na cire ta tun kafin gari ya waye. Babu wanda ya gani sai Allah. Da na ce ma'aunin ne bai yi aiki ba, da an yarda, tunda yana da tarihin ƙarya. Na yi kwana biyu da ita a aljihu, ina azumi, ina sallah da ita. Ranar da Usta ya dawo, don waya aka yi masa ya katse hutunsa, ya leƙa mazaunin, ya leƙa akwatin lantarki, ya ga inda sukurorin biyu suka yi sabon ƙyalli. Ya juyo ya dube ni. Na zaro wayar na miƙa masa a gaban manaja. Ya juya ta a tafin hannu ya ce da Hausa, a hankali, "Inji ya yi maka magana, ka toshe masa baki." Na gwammace ya zage ni kamar ranar bel.

Ba a kore ni ba, an yanke mini albashin wata guda, an rubuta mini takardar gargaɗi. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Leburorin sansanin kuɗin yini ake biyansu, in inji ya tsaya babu aiki, babu kuɗi. Da yawansu Hausawa ne daga Gadarif da Kasala da Damazin, wasu daga Chadi da Nijar. Ɗaya daga cikinsu, wanda muke shan godogodo tare in an sha ruwa, ya same ni a rumfa ya ce, "Yaya, da gaske ne sai bayan sallah?" Na ce da gaske ne. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya tashi. Ya riga ya yi wa 'yarsa alkawarin kayan sallah, a gabana ya yi wayar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa, amma ni na ja, wasu ya doka.

Sabon mazauni sai daga Sin. Amurka ta ɗage takunkumin cinikin da ta sa wa Sudan tun 1997 a watan Oktoban 2017, amma bankunan waje ba su daina gudunmu ba, dala kuma ta yi wuya. Kafin a aika kuɗi, a ƙera, jirgin ruwa ya kawo Bur Sudan, a fito da shi, ana maganar wata uku ne ko fiye. Usta ya ce a ba shi mota da ni. Muka ɗora mazaunin muka nufi unguwar masana'antu ta Atbara, wurin wani tsohon abokin aikinsa. A nan na ga abin da ban taɓa zaton ana yi da hannu ba. Tsofaffin taragon jirgin ƙasa irin wannan farin ƙarfen ne a akwatin gatarinsu, kuma waɗannan dattawa sun yi rayuwarsu suna zuba shi. Suka narkar da tsohon, suka wanke ƙwaryar tas, suka shafe ta da kuza don sabon ya kama, suka ɗumama ta, suka zuba sabon narkakke a zubi ɗaya ba tsayawa. Da ya huce sai suka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma suna saurare: inda ya kama ƙara yake kamar ƙararrawa, inda bai kama ba sai ka ji buf. Aka kai injin sassaƙa ya fitar da siffa.

Sauran aikin a sansani aka yi shi, kuma ni Usta ya ba. Da farko muka goge wuyan gangar da dutsen wasa da mai har zanen ya kwanta. Sannan a shafa wa wuyan wani shuɗin fenti siriri, a ɗora mazaunin, a ɗan murza, a ɗaga. Duk inda shuɗi ya fito, nan ne tudu. Sai ka ɗauki makankari, wanda Usta ya yi da tsohon zarto, ka kankare wurin kaɗan, abin da zai fito bai fi ƙurar alli ba. A sake shafawa, a sake ɗorawa da sarƙar ɗaga kaya, a sake ɗagawa. Da farko tabo uku ne manya. Abin da ake nema shi ne ƙananan ɗigo su bazu daidai a ƙasan ƙwaryar, kamar zanen zabuwa, gefuna kuma a buɗe su don mai ya samu hanyar shiga. Kwana shida na yi a durƙushe. Yatsuna suka yi kanta, shuɗin ya shiga ƙarƙashin farce ya yi wata bai fita ba. Usta yana zaune kan jarka da kofin jabana, wato gahawa, in na nuna masa sai ya ce, "Saura." Ranar ta shida da la'asar ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "A rufe." Muka yi sallah a sansani, injin ya tashi kwana goma sha tara bayan daren nan, zafin mazaunin ya tsaya a arba'in da 'yan kai. Wanda aka yi oda daga Sin ya iso daga baya, ya zauna a akwatinsa.

Bayan haka na sayi babban littafi irin na 'yan kasuwa, na ja layuka. Kowace awa biyu a rubuta zafin kowane mazauni, matsin mai, da abin da injin ke ja na lantarki, mai rubutawa ya sa hannu. Abin dariya ne ga wanda ya saba da kwamfuta, amma da littafin nan muka riƙa ganin ciwo tun yana mako biyu kafin ya kwantar da inji, don lamba ɗaya ba ta cewa komai, sai ka jera ta da ta jiya da ta shekaranjiya. Na sa aka riƙa wanke na'urar sanyayawa duk wata. Na sayi kwado goma sha biyu a kasuwar Barbar da kuɗina: duk wanda zai shiga cikin inji ko ya taɓa bel, ya kulle makunnin da kwadonsa, makulli a wuyansa. Akwatin lantarkin nan ma na sa masa kwado, na ba Usta makullin, ban riƙe ko ɗaya ba.

Wata bakwai bayan nan giyar injin ta fara wani bugu da daddare, kuma saura kwana ɗaya a zuba zinariya. Na tsayar. Manajan ya zo da maganarsa ta dā, kusan kalma da kalma. Na ce masa zan yi wa Kartum bayani, na kuma yi, murya na rawa. Muka samu sukurori huɗu na gindin ƙaramar giyar sun saki. An yi asarar awa tara, an yi mini faɗa a waya, babu wanda ya gode mini, don abin da bai lalace ba ba a ganinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a aikin gyara har yau.

Akwai abin da ban iya gyarawa ba. Wani ɗan unguwarmu yana ƙona zaiba a kasuwar Abidiya, in na fita sayen kaya nakan biya wurinsa. Na ga hannunsa yana rawa in zai kai kofin shayi baki, yana ɗan shekara ashirin da shida. Na haɗa masa tukunyar ƙonawa da guntayen bututun ruwa, mai rufi, wadda hayaƙin ke bi ta bututu ya sanyaya cikin ruwa ya koma zaiba, har ya sake amfani da ita. Ya yi mako biyu da ita ya ajiye. Masu dutsen ba su yarda a rufe dunƙulensu inda idonsu ba ya gani ba, sai suka koma wurin na kusa da shi. Ban ga laifinsa ba, ban ga nasu ba, kuma mu da ke sayen kartar da zaibar ta ratsa ba mu da bakin yi wa kowa wa'azi.

Ina Atbara neman bel ranar 19 ga Disamban 2018, ranar da mutanen garin suka fito kan burodin da ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, na dawo sansani ba bel. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, zanga-zangar ta bazu har gwamnatin Al-Bashir ta faɗi. Usta ya bar aiki a 2020, idonsa ya yi rauni. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya same ni a wani kamfanin daban, can wajen Abu Hamad, ina da ƙananan injiniyoyi biyu a ƙarƙashina. Da Sinja, hedikwatar jiharmu, ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024, Inna da ƙannena mata suka bar gida suka nufi Gadarif, albashin zinariyar nan shi ya riƙe su a gidan haya. Baba ya ƙi tafiya, ya ce ba zai bar gona ba.

Da hanya ta buɗe na je gida. An kwashe abubuwa da yawa a gonakin bakin kogi, amma Lister ɗin yana nan, ya fi ƙarfin mai ɗauka. Ya yi wata da watanni bai tashi ba. Na kwance kansa, na wanke bututun mai, na wasa bawul, Baba yana riƙe mini sifana. Da ya tashi na tsaya ina goge hannu, ina jin ya yi daidai. Baba ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Bashmuhandis, bel ɗinka ya saki."